Mutuwar Tasi'u Goma Sha Ɗaya

Sau goma sha ɗaya ka mutu, Tasi'u, ni nake ƙirgawa.
Ta farko a cikin jirgin ruwa, ko uffan ba ka ce ba,
harsashi ya same ka kafin mu gama nuna ka da yatsa.
Gidan kallon Mati a Agege ya kaure da sowa,
aka mayar da kaset baya har sau huɗu
don kowa ya ga ɗan Barau mai goro yana faɗuwa.
Inna ba ta yi dariya ba.
Tashi ta yi ta ɗauro alwala.

Kai ne fa mai kwaikwayon Iya mai amala a bakin titin jirgi,
yadda take murguɗa baki in bashi ya kwana.
Baba ya ce, yaron nan bakinsa zai ci da shi,
in bai cinye shi ba.

Ka tafi da jaka ɗaya da takalmin aro.
Shekara shida kana wanke kwanuka a Holiwud,
kana bin layi da lamba a ƙirji kamar ragon layya.
Suka ce sunanka ya yi wa harshensu nauyi,
suka datse masa wutsiya, ka koma Tas.
Tas, kamar kwanon da ka gama wankewa.

Ka yi ɗan fashin teku, ka yi direba,
ka yi sojan wata ƙasa da babu ita a taswira.
A mutuwa ta biyar suka ce ka yi magana da yarenku,
ka riƙe ciki ka ce, wayyo Inna, tuwo nake so.
Rubutun ƙasa ya ce ka rantse za ka ɗau fansa.
Mu kaɗai muka san ramar da ke wuyanka ba kwalliya ba ce.

Sai farar riga ta zo.
Shekara bakwai kana likita a talabijin duk daren Talata.
Kuɗi suka sauya rufin gida, suka kai Inna Makka,
maƙwabta suna kawo mata takardun magani
wai a tura maka ka duba.

Ran da Baba ya cika a asibitin Idi-Araba
ina kan benci, akwatin bango yana nuna ka
kana danna ƙirjin wani Bature har ya buɗe ido.
Likitan gaske ya fito, ya cire tabarau,
bai san da wane yare zai fara ba.
Na kira ka sau tara. Kana gaban kyamara.

Daga baya su ma suka kashe likitan, haɗarin mota,
mutuwa ta goma sha ɗaya.
Wayarka ta yi shiru kamar kasuwa ranar ruwa.

Ka sauka Ikko da damina, furfura har gira.
Ba wanda ya waiga.
Kwandastan danfo ya daka maka tsawa ka matsa,
ka matsa.

A maƙabarta na zuba maka ido.
Kai da ake ba minti ɗaya ka kawo hawaye,
har a zaɓa maka idon da zai fara,
ka tsaya ƙiƙam, laka tana cin takalminka,
ko ɗigo.

Da dare aka ɗauke wuta.
Muna zaune a tsakar gida, sauro yana ta kiɗa,
sai ka yi gyaran murya irin na Baba,
wannan tarin mai hawa biyu,
ka fara ƙirga goro a iska, hamsin, hamsin da biyar.
Daga bayan labule, cikin barci,
Inna ta ce, na'am, Malam.

Ba wanda ya ce a yanke.
Na riƙe kafaɗarka tana rawa
har janaretan maƙwabta ya mutu.